Mazari a Cikin Raga

…kuma wai har ƙafafu gare shi. Abin da ya fi tayar mata da zuciya ke nan. Da tsutsa ce sak, da da sauƙi, tsutsa an san ta, kaji ma su cinye. Amma wannan — ƙafafu, ido ƙwala-ƙwala a gefen kai, jiki launin taɓo, ciki a kumbure — yana kwance a cikin rariya yana kallonta. Kallonta yake yi, ko ita ce dai take ganin haka?

Elizabeth tana tsaye a cikin ramin kifin mijinta, ruwa har gwiwa, ragar da ta ɗinka da hannunta tana gogar bayan wuyanta, jiƙaƙƙiya, mai sanyi. Ba wannan ya shigo da ita ba. Ruwan da aka tafka jiya da yamma ne ya tara ganyen kashu a kan ragar har ta lotsa tana taɓa ruwa, ita kuwa ba za ta iya zama ta ga ɗinkinta ya yage ba. Ta kakkaɓe ganyen, ta hangi rariyar ɗibar 'ya'yan kifi ta faɗa ciki, ta sunkuya ta ɗauko, sai ta fito da laka da wannan abin. Mijin nata, Abednego, ya hana ta shiga nan. E, ya hana. Amma Abednego tun duku-duku ya fita ya tare mai unguwa kafin ya tafi gona. Cewa ya yi ta fitar da benci, ta share tsakar gida, ta ɗaura zani mai kyau. To ga zanin mai kyau nan, ya sha taɓo har cinya.

Ƙarni. Wayyo, ƙarnin nan. Ruɓaɓɓen abincin kifi, gansakuka, da wani ɗumi-ɗumi da ke tasowa daga ƙasa yana ratsa tsakanin yatsun ƙafarta. Yawu ya cika mata baki. Ta tofar? A ina? A ruwan kifin Oga?

Akwai ɗan tarwaɗa guda a cikin rariyar, bai kai tsinken ashana ba, yana ta wutsil-wutsil a ɗan ruwan da ya rage. Ɗaya daga cikin 'yan tsirarun da suka saura. Yana matsowa… yana matsowa… kai, ɗan banza, ba ka gani ne? Sai haɓar abin nan ta ɓalle daga fuskarsa. Haɓa! Ta miƙe gaba kamar hannu, ta cafke, ta koma. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba. Wutsiyar ɗan kifin tana rawa a bakinsa, tana gajarta, tana gajarta. Babu.

Babu jini. Babu ƙaya. Babu gawa.

Babu gawa —

"Maman Treasure, ki yi tunani mana. Kifi in ya mutu, sama yake tasowa. Ina gawa? Tsuntsu bai shiga ba, kwaɗo bai shiga ba, net ɗin nan ko ƙuda ba ya wucewa. To waye? Somebody is behind this thing."

Haka Abednego yake faɗa, da yatsa a sama, kamar mai wa'azi a tashar mota. Ita kuma da ƙaton bakinta, tana kwasar tuwo, hankalinta na kan miya kada ta ƙone, sai ta ce ai ba wanda ke zuwa wajen sai Iya, ita ma ciyawa take yankar wa tunkiyarta da sassafe. Shi ke nan fa. Magana ce irin wadda ake yi ana miƙa ruwan wanke hannu. Ya ajiye lomar da ya ɗauka. Ya dube ta kamar ta ba shi kyauta.

Iya! Tsohuwar Bakatsiniyar da katanga ɗaya ta raba su, mai suyar ƙosai a ƙofar gida. Iya da ba ta iya kiran sunanta daidai ba har yau, sai Alisabatu. Ranar da aka haifi Treasure, uwar Elizabeth tana can ƙauye bayan Kafanchan, ƙafa ta kumbura, ba halin hawa mota. Wa ya dafa ruwan? Wa ya tsoma ganye a tafasasshen ruwa ya fyaɗa mata a baya tana ihu tana kiran Yesu, tsohuwa tana dariya tana cewa kira shi da kyau, ɗiyata, ni dai sai na gasa ki? Wa ya dama kunun kanwa? Wannan hannun ne wai yake miƙowa ta cikin raga ba tare da ya huda ta ba. Wannan idon ne wai yake shanye kifi.

Mayya. Ba Abednego ne ya fara furta kalmar ba, shi wayo gare shi, cewa kawai yake yi "ni ban ce komai ba." Ya je shagon aski bai ce komai ba. Ya je wajen masu cajin waya bai ce komai ba. Kafin Lahadi ta zagayo, duk unguwarsu ta Orozo ta ce komai a madadinsa. Ƙosan Iya ya fara kwana a tire. Uwaye suna fizge hannun 'ya'yansu in sun zo wucewa. Shekaranjiya wani ya jefi kwanon ɗakinta da dutse, ƙarar har cikin haƙoran Elizabeth. Surajo, ɗan Iya mai shagon atamfa a kasuwar Utako, ya zo ido jawur, ya ce shi ba ya son fitina, in an kore ta zai sa ta a mota ya mai da ita Katsina. Katsinar da ba ta da kowa sai kaburbura. Mai unguwa kuwa ya yanke magana: shi ba ya korar mutum da jita-jita, amma in akwai wanda ya gani da idonsa, ya faɗa a gaban mutane, to tsohuwa ta tattara.

Wanda ya gani da idonsa. Ita ke nan. Yau ke nan. Benci ke nan.

Wani abu yana tafiya a ƙaurinta. Ta kai mari — wani ne, ƙarami. Ta tura ƙafa cikin lakar, sai ƙasan ramin ya motsa gaba ɗaya, suna fita fit-fit ta ko'ina, suna feso ruwa ta gindi suna tura kansu gaba. Ta gindi! Allah, me ka halitta haka, kuma don me? Ba ɗaya ba ne, ba goma ba ne. A kansu take tsaye tun ɗazu, ƙafa ba takalmi. Ta kai hannu ta dafa gorar da ke tokare da raga don kada ta faɗi, sai wani abu ya ruguje a tafinta, ƙurus-ƙurus, kamar ɓawon gyaɗa.

Ɓawonsu ne. Sun jeru a jikin gorar daga bakin ruwa har sama, kowanne ya ƙanƙame da ƙafafunsa, baya a tsage, ciki wayam. Ido ma an bar shi a nan, fanko. Ga wani can bai gama ba. Bayansa ya dare, wani farin abu mai laushi yana kumburowa ta tsagar, yana fitowa, ya lanƙwashe ya rataye kai ƙasa kamar ya mutu… bai mutu ba. Yana numfashi da dukan jikinsa. A kafaɗarsa wasu 'yan tsummoki a cukurkuɗe, jiƙaƙƙu, suna warwarewa a hankali.

Fukafukai.

Ta ɗaga kai. Ai da ba ta ɗaga ba.

Mazari. Cikin ragar, ba wajenta ba. Sun rataya ta ciki, doguwar wutsiya, fukafukai huɗu kamar gilashi, ja, shuɗi, ruwan ƙasa, wasu suna shanya jiki, wasu suna ta dukan raga da kai suna neman hanyar fita. Mazari dai da ta sani! Wanda suke bi da gudu a gonar acca suna yara, su kama shi ta wutsiya, su sake shi su yi ta tsalle. Tsofaffi a ƙauye in sun gan su sun yi yawa da ƙarshen bazara sai su ce a gyara fartanya, ruwa ya kusa. In kaka ta yi su sake cika sama, sannan ɗif, a neme su a rasa. Duk tsawon sanyi, duk tsawon zafi, babu ko ɗaya. Ta taɓa tambayar ina suke zuwa? Wa ke tambaya? Ta ɗauka mutuwa suke yi, ko su bi ruwa kudu. Ashe ba inda suke zuwa. A ƙasa suke, cikin taɓo, da wannan mummunar fuskar, suna ci suna jira a yi ruwan farko.

Kyakkyawan abu irin wannan, ashe daga wannan ƙazantar… Tir. Ba za ta ƙara yi musu kallon da ba.

Da kaka ne, e, da kaka. Abednego ya gama haƙa ramin, ruwan sama ya cika shi, ba a zuba kifi ba tukuna. Ita da Treasure suna zaune a bakinsa da yamma, mazari bibbiyu manne da juna suna saukowa suna tsoma wutsiya a ruwa, tsom, tsom, tsom, yarinya tana tafi tana cewa Mama suna wanka. Wanka! Ƙwai suke zubawa, a gaban idonta, tana murmushi kamar sakarya. Da rani ya shigo ruwan ya ja baya, saura wani kore shar a ƙasa, mai wari. Ta ce a kwashe shi, a bar ramin ya bushe ƙarau. Ina! Wai tsohon ruwa shi ne abincin 'ya'yan kifi, wai green water, wai a waya ya gani. Ko sauro bai tashi daga ruwan ba duk ranin nan, har tana cewa albarka ce. Ashe masu gidan ne suke cinye su, kafin a kawo musu nama mai daɗi a leda.

Sai ɗinki. Wajen Kirsimeti, mata suna kitso suna gugar anko, ita tana zaune da basilla tana haɗa gidan sauro da gidan sauro. Nasu, na maƙwabta, duk wanda aka raba a asibiti aka ajiye a ƙarƙashin katifa. Yatsunta suka yi kanta, idonta ya yi ta ruwa. Ta bi kowace kusurwa, ta danne baki da duwatsu, ko ƙuda kada ya wuce. Alfahari take yi da shi. Ashe sun riga sun gama aikinsu sun tafi tun kafin ta zura zare. Ba ta hana kowa shiga ba. Rufe su ta yi a ciki, ta kore musu balbela da kwaɗo da duk mai iya cinsu, ta yi musu ɗaki.

Ga shi can a tsakiya, shuɗi a cikin farare. Na Iya ne. Ɗaya ya rage ragar ta kai, tsohuwa ta shiga ɗaki ta kwance nata daga kan gado. Karɓi, Alisabatu, ni sauro ya gaji da ni. A kansa ma suka fi taruwa.

To ai shi ke nan, an gane! Zuciyarta ta yi wani tsalle. Ba maita, ba hannun kowa. Ƙwaro ne. Bari Baban Treasure ya dawo ta nuna masa, ya riƙe baki, ya ce kai, ashe — a yi dariya, a ba tsohuwa haƙuri, a saya mata goro. Bai sani ba ne, bawan Allah. Ina zai sani? Mutumin da roba ya sani, injin narka roba a kamfanin nan na Idu, ba kifi ba. Bai sani ba…

Me ya sa aka ɗinka ragar?

A'a. Bari.

Me ya sa aka ɗinka ta, Elizabeth?

Tana tuƙa tuwo, hayaƙi a ido, ya turo mata waya a fuska. "Kin ga wannan? Ɗan mazari ke nan. Number one enemy. Uwar ta sa ƙwai a ruwa, shi kuma ya cinye fingerlings tas. Dole mu rufe pond ɗin nan." Ba ta duba ba. Tuwo zai yi gudaji. Ta ce to, ta ce za ta ɗinka. Ita ba ta ga hoton ba. Shi ya gani.

To wataƙila bai lura ba. Mutum yana iya shiga nan kullum bai ɗaga kai ba. Yana iya dafa gorar nan kullum bai ji ƙurus-ƙurus ba. Yana iya… Yaushe ma ya hana ta shiga? Ba tun farko ba. Da ita ke zuba abincin safe. Sai bayan ruwan farko, washegari, ya ce daga yau shi kaɗai, wai ƙafar mutane da yawa tana kawo cuta. Tun daga ranar yake riga ta tashi. Tana jin ƙarar takalmin robarsa, tana jin tsintsiya, shar, shar, tana cewa a ranta oh, mijina ya koyi tsafta.

Bokitin fenti yana can bayan duron abinci, a cikin ragar, an rufe shi da buhu, an ɗora dutse. Ba ta son zuwa. Ƙafarta ce ke zuwa, taɓo yana tsotsar ta yana saki, cakwal, cakwal. Ta ture dutsen.

Ya kusa cika. Ɓawo a kan ɓawo, busassu a ƙasa, sababbi a sama. Tsakaninsu fukafukai a murƙushe, wutsiyoyi a tsinke, kawuna. Tururuwa ta yi baƙi a ciki. Wari kamar na ɓeran da ya mutu a bayan kabad.

Ta saki buhun ya faɗi ƙasa.

Kowace safiya. Ya tashi, ya yi addu'a da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, ya shigo nan, ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya murƙushe masu rai da yatsunsa, ya rufe da buhu. Ya wanke hannu. Ya zo ya karɓi shayi daga hannunta. Da waɗannan yatsun yake shafa kan Treasure. Da su yake taɓa ta. Sannan ya fita shagon aski ya ce shi bai ce komai ba.

Don me? Ai ta san don me, wannan ne abin haushin. Da ba ta sani ba da ta tsane shi cikin kwanciyar hankali. Da aka rufe kamfanin, wata nawa ya yi yana sa takalmin aiki da safe, yana karɓar kular abinci, yana cewa sai na dawo? Sai da wata 'yar zumuntar mata ta ce ta gan shi a tashar Utako, zaune a benci tun safe, yana kallon motocin Jos suna cika suna tashi. Ba ta taɓa gaya masa ta sani ba. Ta ci gaba da zuba abinci a kula. Sai ramin nan ya zo, ya miƙe kamar an ba shi sabon ƙashin baya. Allo da fenti a bakin hanya. Fasto ya zo ya ɗora hannu, mata suka yi waƙa, aka sha zoɓo. Oga Kifi! Oga Kifi! Yana tafiya yana buɗa kafaɗa. Yanzu ya tsaya a gaban waɗannan mutanen ya ce ni ne na bar ruɓaɓɓen ruwa, ni ne na kiwata ƙwari da 'ya'yan kifi? Gara a ce an yi masa asiri. Wanda aka yi wa asiri ai babban mutum ne, yana da abin da ake hassada.

Sai tsohuwa ta biya. Tsohuwa ba ta da allo a bakin hanya.

In ta buɗe baki ta faɗi gaskiya fa? A gaban mai unguwa, a gaban Surajo, a gaban matan da za su leƙo ta katanga. Ba wawa kaɗai zai zama ba, maƙaryaci. Kuma matarsa ce ta tuɓe shi a tsakar gidansa. Zai koma bencin Utako, wannan karon ba zai dawo da kula ba. Ko ya dawo, su kwanta gado ɗaya da wannan abin a tsakaninsu har tsufa. In kuma ta ce e, na gan ta da sassafe a bakin rami — ba ƙarya ba ce ma, ta gan ta! — sai a ɗaure tabarma da kaskon ƙosai a bayan mota. Ita kuma ta ci gaba da miƙa shayi. Ta ci gaba da jin shar, shar, da safe.

Duka biyun warinsu ɗaya da bokitin nan.

Muryoyi a bakin hanya. Tarin mai unguwa. Dariyar Abednego, wadda yake yi wa manya, mai fitowa ta hanci. Ƙarar bencin da ba ta fitar ba, wani yana jan sa. Ba ta san lokacin da ta kai hannu cikin rariyar ba. Yana cikin tafinta yanzu, mai cikin nan da ya haɗiye ɗan kifi, ta dunƙule shi. Sanyi, yauƙi, ƙafafu suna karta. Haɓar tana zungurar fatarta, tana komawa, tana zungura.

Sun zagayo bayan gida. Ta cikin raga duk sun zama dishi-dishi. Mai unguwa da sandarsa. Surajo, hannu a aljihu, muƙamuƙi a ɗaure. Iya a baya, ta yafa mayafin zuwa biki, ta ƙanƙance kamar an wanke ta ta shige. Abednego ya tsaya cak. Ba fuskarta yake kallo ba. Buhun da ke yashe a ƙasa yake kallo, da dutsen, da bakin bokiti. Sannan hannunta. Bai yi fushi ba — da ma fushin ya yi. Roƙo ne a idon, irin na bencin tasha.

"Madam," in ji mai unguwa, "maigidanki ya ce kin ga wani abu. Faɗa mana abin da kin gani."

A saman kanta fukafukai suna ta karkarwa a jikin shuɗin gidan sauro. Ta gaji. Tun daga ƙafa har wuya ta gaji, kamar ta yini tana daka.

"Alisabatu," muryar Iya ce, ƙasa-ƙasa, "hito daga ruwan nan tukuna, ɗiyata. Sanyi zai kama maki ƙirji."

Abin yana motsi a tafinta. In ta ƙara matsewa kaɗan, kaɗan kawai, zai fashe, ta sa hannu a ruwa ta ɗauraye, ba wanda zai sani. In ta buɗe…

Suna jira. Yatsun nata ne, ta san nata ne, ga kantar basilla a jikinsu. Tana kallonsu, ba su motsa ba tukuna.